Yadda Mai Ƙaramar Sana'a Zai Sa Masu Nema Su Same Shi a Google

Firjin mutum ya daina sanyi da dare. Ya ɗauki waya ya rubuta "mai gyaran firji kusa da ni", kafin ya ƙifta ido Google ya jero masa sunaye. Ɗaya daga cikin na sama zai kira, da wuya ya gangara can ƙasa. Wannan mutum ba wanda ya bi shi da talla. Shi ya fito nema da ƙafarsa, buƙata a gabansa, kuɗi a aljihunsa. Abin da ake kira SEO shi ne gyara shafinka na intanet da bayanan sana'arka ta yadda irin wannan mai nema zai ci karo da kai, ba tare da ka biya kuɗin talla ba.

Mai sana'a zai iya koyon mafi yawan aikin da kansa, kuma a ganinmu shi ya fi dacewa ya fara koya, domin babu ƙwararren da ya kai shi sanin abin da kwastomominsa ke tambaya. A wannan bayani, idan muka ce "shafi" muna nufin gidanka na intanet gaba ɗaya, idan muka ce "feji" muna nufin ɗaki ɗaya a cikin gidan.

Abu uku Google ke yi, kuma a jere yake yin su. Yana da manhaja mai suna Googlebot wadda ke yawo a intanet tana bin mahaɗai daga feji zuwa feji tana karantawa. Abin da ta karanto sai a tace, a ajiye wanda ya cancanta a rumbun Google. Idan wani ya yi nema, daga cikin rumbun nan ake zaɓo amsa a jera. Saboda haka fejin da Googlebot bai kai gare shi ba, ko ya kai amma ba a ajiye ba, ba ya cikin takara sam, komai kyawunsa. Biyan kuɗin talla a Google Ads kuma ba ya ɗaga ka a wannan jeri ko da taki ɗaya. Tallan yana da gurbinsa daban, kuma ranar da ka daina biya ranar yake ɓacewa.

Fara da tabbatar da cewa Google yana ganinka

Buɗe Google ka rubuta site: ka liƙa adireshin shafinka a jikinsa ba tare da tazara ba. Fejojin da suka fito su ne kusan abin da Google ya sani game da kai. Idan babu komai, to ka ajiye duk wata maganar kalmomi tukuna.

Daga nan ka yi rajista a Google Search Console, wato dandalin da Google ke nuna maka yadda yake ganin shafinka. Kyauta ne, kuma shi ne kayan aiki mafi muhimmanci a duk wannan harka. Za a nemi ka tabbatar shafin naka ne, ko dai ta saka wani ɗan layi a bayanan DNS, wato saitunan sunan shafin, a wurin da ka saye shi, ko ta ɗora wani ƙaramin fayil a shafin. Ka yi rajistar da adireshin imel ɗinka, ba na wanda ya gina maka shafi ba. Haka ma sunan shafin, ka tabbatar da sunanka aka saye shi. Masu sana'a da yawa sai ranar da suka saɓa da maginin suke gane cewa gidan da suka yi shekaru suna wa ado ba nasu ba ne.

Cikin Search Console akwai wurin da ake miƙa taswirar shafi, wato fayil ɗin da ya lissafa duk fejojinka. Yawancin manhajojin gina shafi suna haɗa ta da kansu. WordPress, ɗaya daga cikinsu, ya fara yin haka tun 2020, kuma za ka same ta idan ka ƙara wp-sitemap.xml a ƙarshen adireshinka. Fayil ɗaya yana ɗaukar adireshi har 50,000, don haka ɗaya ya ishe ka. Akwai kuma akwatin URL Inspection a sama: liƙa adireshin kowane feji, zai faɗa maka ko yana rumbu, in ba ya ciki ya faɗi dalili, ya kuma ba ka damar neman a zo a duba shi.

Matsalolin da ke ɓoye shafi ba su da yawa, kusan kullum su ne ke maimaituwa. Na farko, alamar noindex, wadda ke gaya wa Google kada ya ajiye feji. Magina kan sa ta lokacin da ake gini don kada a ga aikin da bai ƙare ba, sai a buɗe shafi a manta ba a cire ba. A WordPress wani ɗan akwati ne a sashen Reading na saituna. Idan da alama a cikinsa, cire ta. Na biyu, fayil ɗin robots.txt, wanda ke zaune a bakin ƙofar shafi yana faɗa wa Googlebot inda zai shiga. Idan ka ga layin Disallow da sanda ɗaya a karkace (/) a gabansa ba wani abu bayanta, to an rufe gidan duka. Na uku, fejin da babu wani mahaɗi da ke kaiwa gare shi daga sauran fejojinka. Na huɗu, bayanan da aka rubuta a cikin hoto: jerin farashi ko lambar waya da aka zana a fosta aka ɗora. Ido yana karantawa, amma kada ka dogara da cewa injin nema zai ɗauke su. Duk abin da kake so a same ka da shi, rubuta shi da haruffa a jikin fejin.

Kalmomin da kwastoma ke rubutawa

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa, domin nan ne mafi yawan shafukan ƙananan sana'o'i ke faɗuwa. Mai sana'a yana magana da harshen sana'a, kwastoma kuwa da harshen matsalarsa yake nema. Kai ka rubuta "ingantattun hanyoyin sanyaya muhalli", shi ya rubuta "na'urar sanyaya ɗaki tana zubar da ruwa". Ba za ku haɗu ba.

Ɗauki littafi ka ajiye kusa da wayar shago na mako 2. Duk tambayar da aka yi maka, a baki ko a saƙo, rubuta ta yadda aka faɗe ta, kada ka gyara. Nawa ne, kwana nawa zai ɗauka, kuna zuwa gida, akwai garanti, ana iya gyarawa ko sai an canza. Kafin mako 2 su cika za ka tara tambayoyi 20 ko 30, kuma wannan jerin ya fi wanda kowace manhaja mai tsada za ta ba ka, don daga bakin masu biyanka ya fito.

Sai ka kai su Google ɗaya bayan ɗaya. Fara rubuta kalmar, ka tsaya, ka ga abin da Google ke ƙarasa maka. Waɗannan abubuwa ne da mutane suka saba nema. Duba akwatin tambayoyi masu alaƙa da ke fitowa a tsakiyar sakamako, da kalmomin da ake jerawa a can ƙasa. Google Trends zai nuna maka wace kalma ta fi wata farin jini da watannin da nemanta ke tashi. Keyword Planner da ke cikin Google Ads yana ba da ƙiyasin yawan nema, amma kada ƙaramin adadi ya sa ka raina kalma. Google da kansa ya ce kusan kashi 15 cikin 100 na abin da ake nema kullum bai taɓa ganin irinsa ba, wato mutane suna tambaya ta hanyoyin da babu manhajar da ta ƙirga. Idan kwastomominka da harshe biyu suke nema, ko suna rubuta kalma ta fuska biyu, gwada duka.

Abin da ya fi adadi muhimmanci shi ne niyyar mai nema. Wanda ya rubuta "takalmi" ba a san me yake so ba: hoto, tarihi, ko saye. A wannan kalma da manyan kamfanonin duniya za ka yi kokawa, kuma ba za ka kai labari ba. Wanda ya rubuta "takalmin fata na maza lamba 44" da sunan garinsa, wannan ya riga ya ɗaura niyyar saye. Masu neman doguwar jimla kaɗan ne, amma su ne ke biya, kuma takara a kansu da sauƙi. Mutum 30 masu niyya sun fi dubu masu wucewa.

Hanyar gane niyya mai sauƙi ce: nemi kalmar da kanka ka dubi abin da ya fito a sama. In taswira da sunayen shaguna suka fito, Google ya fahimci ana neman na kusa. In bayanai masu tsawo suka fito, ana neman ilimi. In hotunan kaya da farashi, ana son saye. Irin abin da ke sama shi ne irin fejin da za ka gina. Buɗe uku na farko ka karanta su da idon mai sana'a: me suka faɗa, me suka bari, ina suka yi kuskure? Giɓin da suka bari shi ne ƙofarka.

Feji ɗaya, buƙata ɗaya

Kasa tambayoyinka kashi-kashi. Kowane aiki da kake yi ya samu fejinsa. Mai aikin famfo da ke gyaran bututu, da haɗa tankin ruwa, da buɗe magudanar da ta toshe, feji 3 yake buƙata, ba feji guda mai taken "Ayyukanmu" da aka cusa komai a ciki ba. Dalili shi ne Google feji yake jerawa, ba shafi ba, kuma yana neman wanda ya fi dacewa da tambaya ɗaya. Amma kada ka zarce ka yi feji 2 a kan abu ɗaya don kalmomin sun ɗan bambanta. Za su riƙa cin juna, Google ya rasa wanda zai ɗauka.

A kowane feji akwai wurare kaɗan da ke da nauyi. Babba shi ne taken fejin, wato layin da ake dannawa a sakamakon nema. Sa aikin a gaba, wurin ya biyo, sunan sana'arka a ƙarshe. Ka tsaya a wajen haruffa 60, domin abin da ya wuce haka yakan yanke a allo. Kowane feji da nasa taken. "Barka da zuwa" ko "Gida" asarar wuri ne. Ƙarƙashin take akwai ɗan bayani na layi biyu, wajen haruffa 155. Shi ba ya ɗaga matsayi, aikinsa jawo hannu ya danna, don haka sa abin da zai sa a zaɓe ka: kuna zuwa a ranar, akwai garantin wata kaza, ana kai kaya gida. Google yakan canza take ko bayani idan ya ga wani yanki na fejin ya fi amsa tambayar, wannan ba matsala ba ce. Akwai wani tsohon gurbi na jera kalmomin nema a bayan fage. Google ya sanar tun 2009 cewa ba ya amfani da shi, kada ka ɓata lokaci a kai.

A jikin fejin, babban kanu ɗaya a sama, ƙananan kanu su raba sassa. Amsa ta zo a sakin layi na farko. Bayanta sai abubuwan da mai saye ke son sani kafin ya kira: me aikin ya ƙunsa, me bai ƙunsa ba, tsawon lokaci, wuraren da kuke zuwa, da farashi ko aƙalla abin da ke sa farashi ya hau ko ya sauka. Masu sana'a da yawa suna tsoron rubuta farashi don kada abokan takara su gani. Abokan takara sun riga sun sani. Kwastoma ne kaɗai aka bari a duhu, kuma shi zai koma wurin wanda ya faɗa masa. Lambar waya ta kasance a inda babban yatsa zai same ta, a danna ta kira kai tsaye.

Babu wani adadin kalmomi da Google ya ƙayyade. Rubuta har tambayar ta amsu, ka tsaya. Kada ka maimaita kalmar nema sau 15 kamar mai karatun allo. Wannan dabara ta mutu tuntuni, yau tana cikin abubuwan da dokokin Google suka hana. Haka ma yin feji 40 masu rubutu iri ɗaya ana canza sunan gari kawai. Kwafar bayanin kaya daga kamfanin da ya ƙera su ma ba ya kai ka ko'ina, domin shaguna ɗari sun kwafi wannan rubutun kafin kai. Game da manhajojin da ke rubutu da kansu, Google bai hana amfani da su ba, amma a watan Maris na 2024 ya tsaurara doka a kan tara fejoji barkatai don neman matsayi kawai, ko mutum ya rubuta ko na'ura. Abin da kake da shi wanda na'ura ba ta da shi shi ne sanin aiki: wane ɓangare ne ya fi lalacewa, me ke jawo shi, yaushe gyara ya fi saye, yaushe saye ya fi gyara. Wannan za ka zuba.

Hotuna su zama naka na gaske, na aikinka da shagonka. Sa wa kowane hoto suna mai ma'ana kafin ka ɗora, ka kuma cika gurbin bayanin hoto da jimla ɗaya da ke faɗin abin da ke ciki; makafi masu amfani da manhajar karanta allo da shi suke gane hoton, Google ma yana karantawa. Adireshin feji ya zama gajere mai karantuwa. Sannan ka haɗa fejojinka da juna: bayanin da ka rubuta a kan dalilin toshewar magudana ya kai mai karatu fejin aikin buɗe magudana, kuma kalmomin mahaɗin su faɗi inda za su kai, kada su zama "danna nan".

Katin sana'arka a taswira

Idan kana da shago da ake zuwa, ko kai kake zuwa wurin kwastoma, Google Business Profile, wato katin sana'arka a taswirar Google, yana iya kawo maka kira fiye da shafin kansa. Shi ne wanda a da ake kira Google My Business, aka canza masa suna a 2021. Daga nan ake ɗauko sunayen da ke fitowa tare da taswira, galibi guda 3, a saman sauran sakamako. Kyauta ne. Sana'ar da ke intanet kaɗai, ba ta haɗuwa da kwastoma ido da ido, ba ta cancanta ba.

Nemi sunan sana'arka a Google Maps tukuna, don wataƙila katin yana nan wani ya riga ya saka. In haka ne, nemi mallakarsa maimakon buɗe sabo, domin kati biyu na wuri ɗaya rikici ne. Za a tantance ka ta waya, ko wasiƙa, ko bidiyo. In bidiyo ne, shirya tun kafin ka fara ɗauka: allon shago, titin da kake, kayan aiki, da wata shaida cewa kai ke gudanar da wurin, kamar buɗe ƙofa da makulli.

Google ya bayyana abu 3 da yake dubawa a nan: dacewa da abin da aka nema, nisan mai nema da kai, da shahara. Nisa ba ya hannunka. Dacewa kuwa tana farawa daga rukunin da ka zaɓa. Ana ba ka babban rukuni 1 da ƙarin har 9. Babban ya zama wanda ya fi matse ainihin aikinka, "mai gyaran waya" ya fi "shagon kayan lantarki" idan gyara ne abincinka. Dubi rukunin da waɗanda ke sama suka zaɓa. Cika lokutan buɗewa na gaskiya, ka sabunta su a ranakun hutu, domin wanda ya zo ya tarar da ƙofa a rufe alhali katin ya ce a buɗe take, da wuya ya dawo. Gurbin bayani yana ɗaukar haruffa 750. Wanda ke aiki daga gida yana zuwa wurin mutane ya ɓoye adireshinsa ya lissafa yankunan da yake zuwa, ana yarda da har 20.

Sunan da ke katin ya zama daidai da wanda ke allon shagonka. Ƙara kalmomi irin su "mafi araha" ko jerin ayyuka a cikin suna saɓa doka ne, kuma yana iya jawo a dakatar da katin. Maido da shi wahala ce ta makonni. Suna, adireshi da lambar waya su zama iri ɗaya a ko'ina: shafinka, Facebook, Instagram, da duk kundin kasuwanci da aka sa ka.

Sai sharhin kwastomomi, wanda shi ne babban rabo na shahara. Cikin katin akwai gajeren mahaɗi na neman sharhi. Tura shi a ranar da ka gama aiki, lokacin da zuciya ke da daɗi, ba bayan wata guda ba. Ka nemi kowa, kada ka ware waɗanda ka san za su yabe ka kawai. Sayen sharhi, ko ba da rangwame ko kyauta a madadinsa, ko sa ma'aikata su rubuta, duk haramun ne a dokar Google, ana goge su, wani lokaci har katin ya shafu. Sharhi 2 a kowane mako na tsawon shekara ya fi 50 da suka sauko rana ɗaya. Amsa kowane sharhi. Mummunan sharhi ka amsa shi da sanyin rai, a gajarce, ka faɗi abin da za ka yi, kada ka tona sirrin mai ƙorafi. Ba shi kaɗai kake amsa wa ba, mutum ɗari masu zuwa za su karanta su auna halinka.

Waya da sauri

Google da fuskar waya ta shafinka yake yin hukunci. Ya fara wannan sauyi a 2018, ya sanar da kammala shi a 2023. Abin da aka ɓoye wa mai waya, to kusan an ɓoye wa Google. Ɗauki waya mai matsakaicin ƙarfi, kashe wayfai, buɗe shafinka da data, ka yi ƙoƙarin kiran kanka ko sayen wani abu. Abin da ya ba ka haushi shi ke korar kwastoma.

PageSpeed Insights, ma'aunin saurin feji na Google, zai auna maka muhimman abu 3. Babban abin da ke fejin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Idan aka danna wani abu, fejin ya amsa cikin kashi 200 na dubu na daƙiƙa. Rubutu da hotuna kada su riƙa tsalle yayin buɗewa, makin wannan kada ya wuce 0.1. A ƙananan shafuka, hoto ne kusan kullum mai laifi: an ɗauko shi daga kyamarar waya mai nauyin megabayit 4 ko 5 an ɗora haka nan. Rage faɗinsa zuwa wajen fiksel 1,200 zuwa 1,600, ka matse shi ya koma ƙasa da kilobayit 200, a tsarin hoto marar nauyi na WebP in zai yiwu. Manhajar matse hoto ta Squoosh tana yin wannan kyauta. Bayan hoto sai tarin ƙananan manhajojin da aka liƙa wa shafi ba a amfani da su, da masauki, wato kamfanin da ke ajiye maka shafin, mai araha da ya cika da jama'a. Kada ka haukace a kan samun maki 100. Sauri yana taimakawa, amma feji mai sauri marar amsa ba ya doke mai amsa.

Adireshinka ya fara da https. Tun 2018 Chrome yake yi wa shafukan da ba su da shi tambarin rashin tsaro, kuma wata cibiya mai suna Let's Encrypt tana ba da takardar shaidar tsaro da https ke buƙata kyauta, yawancin kamfanonin masauki da danna ɗaya suke kunna ta.

Mahaɗai daga waje

Tun kafa Google a 1998, dabarar da waɗanda suka kafa shi, Larry Page da Sergey Brin, suka zo da ita ita ce ɗaukar mahaɗi daga wani shafi a matsayin shaida: wanda mutanen kirki suka nuna, shi ma mai yiwuwa na kirki ne. Har yau wannan yana da nauyi, shi ya sa kasuwar sayar da mahaɗai ba ta mutu ba. Za a turo maka saƙo ana tayin mahaɗai 1,000 a farashin banza. Araha ba ta ado. Tun gyaran da ya yi wa tsarin jerinsa a 2012, mai suna Penguin, Google yake farautar irin waɗannan. Mafi sauƙin abin da zai faru shi ne a yi watsi da su kuɗinka ya tafi, mafi muni a hukunta shafin.

Na halal suna kusa da kai: kamfanin da kake sayar da kayansa yana da jerin dillalai, ƙungiyar sana'arku tana da jerin mambobi, abokan hulɗa da kuke tura wa juna aiki, jaridar yankinku idan ka yi abin labari, taron da ka tallafa wa. Ko kaɗan ne irin waɗannan, suna iya taimaka wa ƙaramar sana'a ta wuce takwarorinta.

Auna, ka gyara, ka jira

Google da kansa ya ce yawanci ana ɗaukar wata 4 zuwa shekara kafin a ga amfanin gyara. Katin taswira yakan fi saurin motsi, sabon shafi ya fi jinkiri. Kada ka auna kanka ta neman sunanka a wayarka, domin sakamako yana canzawa gwargwadon inda mutum yake da abin da ya saba nema.

Sau ɗaya a wata, buɗe rahoton Performance a Search Console. Yana ajiye bayanan wata 16, yana nuna kalmomin da aka same ka da su, sau nawa aka nuna ka, sau nawa aka danna, da matsakaicin matsayinka. Karanta shi haka. Kalmar da ake nuna ka da yawa amma ba a dannawa, take da bayani ne ba su ja ba, sake rubuta su. Kalmar da kake matsayi na 8 zuwa 20 a kanta, nan ribarka mafi kusa take: ƙara wa fejin abin da ya rasa, ka kawo masa mahaɗi daga wasu fejojinka. Kalmar da ake samunka da ita alhali ba ka da feji a kanta, wannan kwastoma ne ke gaya maka abin da za ka rubuta gaba. Idan rahoton fejoji na Search Console ya ce an karanta feji amma ba a ajiye ba, galibi ko ya yi kama da wani ko bai da abin kirki a ciki. Haɗe shi da ɗan uwansa ko ka cika shi. Rubuta ranar kowane gyara a littafi, kuma kada ka canza abu 10 rana ɗaya, in ba haka ba ba za ka san wanda ya yi aiki ba. Awa 2 ko 3 a mako sun isa in an dage.

Tun 2024 Google ya fara sa taƙaitacciyar amsar na'ura a saman wasu sakamako, kuma wannan yana rage dannawa a tambayoyin neman ilimi. Amma na'ura ba ta gyara famfo, ba ta ɗinka riga. Shi ya sa awon gaskiya shi ne kira nawa, saƙo nawa, ciniki nawa. Tambayi kowane sabon kwastoma inda ya same ka, ka rubuta.

Idan aiki ya yi yawa ka yanke shawarar ɗaukar ƙwararre, wanda ya yi maka alkawarin matsayi na 1 ka sallame shi. Google ya faɗa a fili cewa babu mai iya ba da wannan tabbaci. Na kirki zai tambaye ka game da sana'arka kafin ya yi maganar farashi, zai faɗa maka abin da zai canza da dalili, zai kuma nuna maka daga ina kowane mahaɗi ya fito. Ba shi izinin shiga a matsayin mai taimako, mallakar Search Console da katin taswira da sunan shafi ta zauna a hannunka.

Wuri ɗaya da ya kamata ka tsaya a kansa da kanka shi ne ranar sabunta shafi ko canza masa suna. Nan ne aikin shekaru ke zubewa cikin dare ɗaya, domin adireshin fejoji sun canza, duk wanda ya biyo tsohon mahaɗi sai ya tarar da kuskuren 404, wato saƙon cewa babu fejin. Kafin a taɓa komai, fitar da jerin duk tsofaffin adireshi. Kowane ɗaya a yi masa turawa ta dindindin, wadda ake kira 301, zuwa sabon fejin da ya yi daidai da shi, ba a kwashe su duka a zuba a fejin farko ba. A bar turawar aƙalla shekara 1. Ranar buɗewa, duba noindex da robots.txt, miƙa sabuwar taswira, ka gwada tsofaffin adireshi 10 da hannunka, sannan ka riƙa leƙa rahoton fejoji kowane mako har wata 2.